Maharbiyar Gombi da Bindigar Bayan Ƙyaure

Laccar da aka gabatar a gaban jama'ar Hausawan Ntoum, ƙasar Gabon

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, har ya ƙera garma da allura da takobi duk a maƙera guda. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, wanda bai taɓa ɗaga hannunsa ya bugi mace ko bara ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amma ba'adu.



Duk wanda ya taso daga Libreville ya biyo babbar hanyar nan, ya wuce Nkok ya iso garinku, balle ya zarce Kango ya nufi cikin ƙasa, ba zai rasa ganin abin da na gani yau da hantsi ba, watau ganga a bakin titi, an kafa mata sanda, an rataye gada ko beguwa ko biri, iskar motoci tana kaɗa su, wata mace kuwa tana zaune a inuwa tana jiran mai taya. Ita ce take babbake naman, ita take bandarsa, ita take kai shi kasuwa ta yi ciniki, ita kuma ta san abin da za a ci a gidan idan daji ya hana. Amma bindigar da ta kashe dabbar, wadda take jingine bayan ƙyauren ɗakin da matar nan take kwana, ba tata ba ce, ba a shawarce ta ba ranar da aka sayo ta, hukumar da ta ba da takardarta kuma ba ta san sunanta ba. A kan wannan bindiga nake so mu tattauna, ko da yake sai mun yi doguwar tafiya zuwa Adamawa kafin mu komo gare ta.

A ƙasar da kakanninmu suka baro, tun kafin fatauci ya biyo da su ta Kamaru ya sauke su Bitam da Oyem da Minvoul, Bahaushe ya bambanta farauta da harbi. Farauta ta gayya ce, ta rani, bayan an kawar da amfanin gona, a buga ganga a fita da karnuka da gora da barandami, a dawo da zomo da gafiya da rauni a ka. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, mai asiri da ladubba, wadda mutum yake shiga dawa shi kaɗai da kwari da baka, daga baya da adaka, yana ƙarƙashin Sarkin Baka wanda yake da ikon ya tsawata masa, ya raba gardamar wanda ya fara sa wa dabba kibiya, ya kuma hana shi fita idan ya karya doka. A al'ada duka biyun na maza ne. Sai dai ya kamata ɗalibi ya rarrabe abin da al'ada ta hana da abin da shari'a ta hana, domin wanda ya karanta babin farauta da yanka a Risala ta Ibn Abi Zaid, ya bi sharhohin Muhtasar, zai tarar an yi maganar Musulunci da hankali da niyya da ambaton sunan Allah, an karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, amma ba a sanya mazakuta cikin sharuɗɗa ba. Asalin wannan kuwa sananne ne: kuyangar Ka'abu bin Malik ta ga akuya za ta mutu a wurin kiwo, ta fasa dutse ta yanka ta, aka kuma halatta cin naman. Da harsashi ya bayyana, malaman baya na mazhabarmu, musamman na birnin Fas, suka yi ijtihadi suka halatta abin da ya kashe. Saboda haka naman da mace Musulma ta harbo da bisimilla halal ne, wanda ya ƙyamace shi kuwa ya nemi wata hujja, kada ya jingina wa Imamu Malik.

Haka kuma tarihi bai rasa matan da suka riƙe makami ba. Nusaiba 'yar Ka'abu ta tsaya ranar Uhudu da takobi da baka sa'ad da maza da yawa suka juya, Ummu Sulaim ta ɗaura wuƙa ranar Hunaini. A Dahomai, rundunar matan nan da ta gwabza da Faransa a 1890 da 1892, masana da dama suna ganin tushenta ƙungiyar mata maharba giwa ce. A Lugu ta ƙasar Arewa, cikin Nijar ta yau, Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ba zan daɗe a kansu ba, don mun saba ambatonsu a taro mu yi tafi, sa'an nan mu koma gida mu hana 'ya'yanmu ko da koyon keke.

Wadda zan daɗe a kanta tana da rai, ita ce A'isha Bakari Gombi ta Jihar Adamawa. Gidansu gidan maharba ne, tun tana yarinya take bin manyanta dawa, ta koyi sawun dabba da kwanton ɓauna da yadda ake dura albarushi, har ta girma ta kama sana'ar ɗinki kamar sauran mata, tana taka kekenta tana neman halaliyarta. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka ci Mubi, birni na biyu a jihar, suka sauya masa suna, cikin Nuwamba kuma suka dira Hong da Gombi, mutane suka watse cikin duwatsu da gonaki, waɗansu har Kamaru. A wannan hali ne, sa'ad da masu kaki da albashi suka ja da baya a wurare da yawa, maharba da 'yan banga suka ɗauki bindigogin toka da layu suka shiga gaba, suka taimaki soja aka ƙwato garuruwan. Cikinsu kuwa har da wannan baiwar Allah, wadda ta ajiye keken ɗinki ta ɗauki bindiga, ta riƙa jan samari suna shiga dajin Sambisa da ta sani tun ƙuruciya, suna neman matan da yaran da aka kwashe. 'Yan'uwanta maharba suka naɗa ta Sarauniyarsu, jaridar Guardian ta Ingila ta buga labarinta a 2017, gidan talabijin na Aljazira ya yi fim a kanta a 2018, duniya ta san sunan Gombi.

Ni dai ban ga wanda zai rage mata daraja ba, kuma fuƙaha'u sun yi ittifaƙi a kan halaccin tunkuɗe maƙetacin da ya afka wa rai ko mutunci, mace ce mai tunkuɗewar ko namiji. Amma duk sa'ad da na ga hotonta, da bindiga a kafaɗa da layu a ƙirji, abin da yake tsaya mini a rai shi ne keken nan da ta rabu da shi. Ƙasar da take karɓar haraji, take da soja da 'yan sanda da jiragen yaƙi, idan ta wayi gari tela ce take bin sawun 'ya'yanta da aka sace, to yabon telar ya wajaba, amma kunyar ta sarakuna ce. Ku tuna an kwashe 'yan mata 276 a Chibok daren 14 ga Afrilu 2014, aka kwashe 110 a Dapchi cikin Fabrairu 2018, aka kwashe 279 a Jangebe ta Zamfara cikin Fabrairu 2021, ban da matan ƙauye da ake ɗauka a gona da rafi da hanyar kasuwa, waɗanda ba rediyon da ya ambace su, su dawo da ciki ko da goyo, su tarar da gorin mutanen gari ya fi zaman daji ɗaci. Wannan ita ce hiraba da littattafanmu suka yi wa babi, ba ta kuma yiwu ba sai da bindigar zamani ta yi arha. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kimanin miliyan 857 a hannun farar hula a duniya, fiye da miliyan 6 daga ciki a Nijeriya.

To, mene ne magani? Waɗansu suka ce a bai wa kowa tasa. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1959 kafin Turawa su tafi, ta kasa bindigogi kashi uku: na yaƙi sai da iznin shugaban ƙasa, na kai irin mai baki biyu sai da iznin Sufeto Janar, na toka kuwa kwamishinan 'yan sandan jiha ne yake ba da takardarsu. A 2021 Gwamna Masari na Katsina ya ce wa talakawa su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta ce za ta raba takardun neman lasisi ta hannun masarautu, hafsan hafsoshin ƙasa ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ban zargi mutumin da aka ƙone wa rumbu ba idan ya yi marhabin da wannan kira, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma mun ga abin da ya biyo bayan 'yan sa-kai a Zamfara, yadda aka riƙa kashe Fulani a kasuwa ba alƙali ba shaida, su kuma suka rama a kan ƙauyuka, ramuwar kuwa a jikin mata ta fi sauka, na Hausawa da na Fulani duka. Mun kuma ga ɗaya fuskar a Uromi ta Jihar Edo cikin Maris 2025, inda aka tare mafarauta 'yan Kano suna komawa gida salla, aka ga bindigogin toka a motarsu, aka kashe 16 daga cikinsu, aka bar zawarawa da marayu. Cikin dukan wannan muhawara, ta gwamnoni da hafsoshi da 'yan majalisa, ban ji wanda ya tambaya ba, idan bindigar ta dawo daga bakin gari, a wane ɗaki za ta kwana, kuma wa yake kwana a ɗakin.

Nan ne muka komo bayan ƙyaure. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙididdiga cewa a 2023 an kashe mata da 'yan mata kimanin 85,000 da gangan a faɗin duniya, kimanin 51,100 daga cikinsu kuwa miji ne ko saurayi ko wani na gida ya kashe su, watau wajen 140 kowace rana, nahiyarmu ta Afirka kuma ita ce a gaba da kimanin 21,700. Namiji galibi a waje ajalinsa yake samunsa, a hanya ko fagen fama; mace kuwa sau da yawa inda aka kai ta da guɗa da gara nan ne ake fitar da ita a makara.

Shekarun baya, a wani gari da na zauna, wata mata ta zo zauren wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa, ta durƙusa ta ce tana neman a raba ta da mijinta. Malam ya tambaye ta ko yana dukanta, ta ce a'a, Allah gafarta malam, ya bari tun shekara uku. Ko yana hana ta ci da sha, ta ce a'a. Sai ta ce, duk ranar da suka sami saɓani, ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, sai ya shiga ya ɗauko bindigarsa, ya shimfiɗa buzu a ƙofar ɗakinta, ya zauna yana goge ta da tsumma da mai, yana leƙa bakinta, yana ɗana kunama yana saki, har ta gama girki ta wuce ta gabansa da akushi. Ta ce, malam, ba tabo a jikina da zan nuna wa alƙali. Ina zaune a gefe da littafina a buɗe, ban ƙara fahimtar ko harafi ɗaya ba a ranar.

Abin da matar nan ta sani a jikinta, masana na Amurka sun auna shi da alƙalami, ƙasar kuwa ta cancanci a saurare ta a wannan babi, tun da ba inda bindiga ta yawaita a hannun jama'a kamar can, kuma ba inda 'yan kasuwa suka fi tallata wa mata ita da sunan kariya. A 2003 Jacquelyn Campbell da abokan aikinta suka bi labarin matan da aka kashe a birane 11, suka gano cewa matar da mijinta yake cutar da ita, idan yana da bindiga a kusa, haɗarin kashe ta ya ninka wajen sau 5. A 2022 masana na Jami'ar Stanford suka duba fiye da mutum miliyan 17 a Kalifoniya, suka tarar wanda yake zaune gida ɗaya da mai ƙaramar bindiga ya fi waninsa haɗarin mutuwa da harbin abokin zama wajen sau 7, mafi yawan mamatan kuwa mata ne. Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa: makami a cikin gida yana bin hannun da ya fi ƙarfi, fushin da zai ƙare a mari a yi biko, idan ya sami kunama a kusa, sai ya ƙare a maƙabarta. Don haka tun 1996 Amurka ta haramta bindiga ga wanda kotu ta kama da laifin dukan iyali, kotun ƙolinsu kuma ta tabbatar da irin wannan hani a 2024. Kanada ta fi burge ni, domin mai neman lasisi a can sai ya rubuta sunan matarsa, har da wadda ya rabu da ita kwanan baya, don hukuma ta ji ta bakinsu. Afirka ta Kudu ta tsananta dokarta a 2000, masu bincike kuma suka ga matan da ake kashewa da bindiga sun ragu ƙwarai tsakanin 1999 da 2009. Har yarjejeniyar cinikin makamai ta duniya, wadda ta fara aiki a Disamba 2014, ta wajabta wa ƙasar da za ta sayar da makami ta duba ko za a yi amfani da shi wajen cin zarafin mata.

Kada wani ya ce wannan bidi'ar Nasara ce. Mazhabar Malik ita ce ta fi kowace riƙo da saddu zari'a, watau toshe kafar da take kaiwa ga ɓarna, da ita aka hana sayar da makami a zamanin fitina ko ga wanda aka san zai yi zalunci da shi, alhali cinikin a asalinsa halal ne. Hadisi ingantacce ya hana Musulmi ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu. In haka ne hakkin baƙon da ka gamu da shi a kasuwa, ina ga wadda aka ba ka amanarta a gaban shaidu? Abin da ya fi wannan ƙarfi, malamanmu sun bai wa mace ikon neman saki saboda cutarwa, suka kuma ce cutar tana tabbata da shaidu ko da jin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta, kamar yadda Ibn Asim ya kawo a Tuhfa, littafin da alƙalan Kano da Sakkwato suke hukunci da shi har gobe. Sun san abin da ake yi a ɗaki ba ya samun adilai biyu. Idan maganar maƙwabta ta isa ta warware igiyar aure, wadda ita ce mafi nauyin alkawari, yaya za ta kasa isa a karɓe wa mutum bindiga? Abin takaici, kundin hukunta laifuffuka na Arewa da aka kafa dab da samun mulkin kai yana da sashe na 55 wanda ya sassauta wa miji dukan matarsa da sunan horo, sai a 2015 Nijeriya ta yi dokar hana cin zarafi, jihohi suka riƙa karɓarta ɗaya bayan ɗaya da jan ƙafa.

Ku da kuke Gabon kuna da abin da za ku dafa. Ƙasar nan ta shiga yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 a kan ƙananan makamai, tana da ƙa'idar rufe farauta daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Maris, ta kuma lissafta dabbobin da ba a taɓawa, giwa da goggon biri da damisa, har ana ɗaure mutum a kansu. A ranar 6 ga Satumba 2021 ta kafa doka mai lamba 006/2021 ta kawar da cin zarafin mata, ga kuma lambar waya 1404 da ake kira kyauta. Iyayena mata, ku haddace ta kamar yadda kuka haddace lambar 'ya'yanku. Na san halinmu a baƙunta, mun fi son a rufe magana a zaure kada 'yan ƙasa su ji kanmu, a ce wa yarinya ta yi haƙuri, kamar haƙuri sulke ne. Sulhu alheri ne a kan cefane da kishi da zuwa unguwa. Amma ranar da aka ce an ɗauko makami, ko bindiga ko adda, to maganar ta fi ƙarfin zaure ita kaɗai, wanda ya rufe ta kuma ya yi tarayya a abin da zai biyo baya.

Roƙona ga Sarkin Hausawa da limamai shi ne abin da ba ya bukatar majalisa ko kasafi. Mutuminmu da zai nemi takardar bindiga, ko ya zo neman ku shaide shi a gaban hukuma, a aiki dattijuwa mai amana ta ji ta bakin iyalinsa a keɓe kafin ku sa hannu. Wanda yake da ita, a raba ta da harsashi, a kulle kowanne dabam. Yarinyar da ta nuna sha'awar harbi kuma, in gidansu na maharba ne, a koya mata da ladubbansa kamar yadda aka koya wa A'isha, don wadda ta san yadda ake cire harsashi daga bindiga ta fi wadda ba ta sani ba kwanciyar rai a ɗakin da aka jingine ta.

Na bar ku da matar nan durƙushe a zauren malam. Bai raba auren a ranar ba, don ita kanta da aka bincika ba rabuwar ce muradinta ba, tana da 'ya'ya biyar. Ya aika aka kira Sarkin Baka, ya gaya masa abin da ya ji, bai ƙara kome ba. Tsohon ya yi shiru, sa'an nan ya tashi da kansa ya je gidan, ya yi sallama, ya ce wa mutumin ya miƙo bindigar, domin wanda ya koya masa harbi bai koya masa wannan ba. Tun daga ranar a gidan Sarkin Baka bindigar take kwana, in mijin zai shiga daji ya je da asuba ya karɓa, a ƙirga masa harsashi, in ya dawo ya mayar, a ƙirga saura. Ya yi shekara guda ba ya gaida malam a masallaci. Matar kuwa na gan ta bayan nan a kasuwa, ta kasa banda a faranti, tana gardama da wani mai saye a kan sule biyu.